Darasin Juma'a: Idan Damuwa Ta Kama Ɗalibi, Wa Zai Ba Shi Izinin Ganin Likita?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta kuma ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Mu da muke haɗuwa a wannan masallaci duk Juma'a, yawancinmu daga ƙasar Katagum muka fito: Gamawa, Udubo, Gololo, Raga, Azare da ƙauyukan da ke kewaye da su. Neman halali ne ya kawo mu Legas. Wani yana kara a Oko-Oba, wani yana Mile 12 cikin tumatir da albasa, wani canji, wani gadi. Da yawanmu ba mu taka jami'a ba, amma Allah ya nufa 'ya'yanmu da ƙannenmu sun taka. Suna Gadau, a jami'ar jiha da aka kafa a 2011, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. Suna Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare, wadda aka kafa a 2021. Wasu suna Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, wasu Bayero a Kano, wasu Dutse, Gashuwa ko Maiduguri. Tsakaninmu da su tafiyar yini da kwana ce a mota. Abin da ya haɗa mu da su waya ce, sai kuɗin da muke turawa.

Idan zazzaɓi ya kama ɗaya daga cikinsu, ba ya shawara da kowa. Zai tafi asibitin makaranta, ya bugo ya ce a turo kuɗin allura, mu tura. To idan barci ya ƙaurace masa wata guda fa? Idan ya buɗe littafi ba ya gane komai, ƙirjinsa na bugawa ba dalili, ya daina sha'awar abinci da mutane? A nan yawancinsu sukan yi shiru, ko da akwai mai duba irin wannan a cikin makarantar. Darasinmu na yau a kan wannan shirun ne: daga ina ya fito, me addini ya ce, kuma mene ne rabonmu a ciki.

Kayan da ke kan ɗalibi

Mukan ɗauka wanda ya samu jami'a ya huta, tunda ba ya shan rana a gona, ba ya dakon buhu. Bari mu sauke kayansa mu gani. Sau da yawa yaron da ya fito daga Gamawa shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan mataki. Tun ranar da sunansa ya fito aka fara kiransa likita ko injiniya. An sayar da riɗi, uwa ta sayar da tunkiyarta, uba a nan Legas ya ɗaure cikinsa. Yaro ya san duk wannan, ba sai an faɗa masa ba. Sai ya shiga aji mai mutum ɗari biyu ko uku, ana lakca da Turanci kamar ana korar malamin. Sakamako ya fito, ya tarar ya faɗi kwas biyu. Wa zai kira ya faɗa wa?

Ga kuma abin da ba laifinsa ba. A 2020 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki wata tara. A 2022 suka sake, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Digirin shekara huɗu ya koma biyar da wani abu, sa'o'insa da suka tsaya kasuwa sun yi aure har da 'ya'ya. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista. Akwai abin da ɗalibai ke kira 0-1-0 cikin raha, wato ba karin kumallo, a ci na rana, a kwana haka. Suna faɗa suna dariya, amma kwanyar da ke da yunwa da tsoron faɗuwa ba ta barci.

Shekarun ma nasu ne. Masana wannan fanni sun nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na cututtukan damuwa da na ƙwaƙwalwa suna fara bayyana ne kafin mutum ya kai shekara 25. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da wani nau'i na irin wannan larura, kuma fargaba da ciwon damuwa su ne kan gaba. Mu ƙirga sahu ɗaya a masallacin nan, mu ga mutum nawa ne a ciki.

Wanda bai je wurin likita ba, ba zama yake yi haka ba. Yakan nema wa kansa magani. Ƙwayar hana barci don a yi karatun dare, wata don a samu barcin, daga nan tiramol, daga nan kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayu na 2018 ɗin ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba duk ɗan ƙwaya ne ya faro da iskanci ba. Wani ciwo ne ya same shi, ya ji kunyar ɗakin likita, bai ji kunyar kemis ba, don mai kemis ba ya tambayar sunan ubanka.

Abin da ke riƙe ƙafarsa

Na farko suna ne. A bakinmu na yau da kullum kalma ɗaya muke da ita, hauka, kuma hotonta ɗaya ne: mutum da tsumma a bakin kasuwa yara na jifa. A Kano in za a zolayi mutum sai a ce a kai shi Dawanau, a nan Legas a ce Yaba. Saboda haka yarinyar da take fama da faɗuwar gaba kafin jarrabawa, in aka ce ta ga likitan ƙwaƙwalwa, abin da kunnenta ya ji shi ne an sa ta layi ɗaya da mai tsumman nan.

Na biyu aure. Mun san yadda binciken aure yake a wurinmu. Magana ɗaya, wai gidansu akwai taɓin hankali, ta isa ta mayar da kayan lefe. Budurwa a jami'a ba kanta kaɗai take ji wa tsoro ba, har ƙannenta mata da ke gida.

Na uku tsoron a ce imaninsa ne ya yi rauni. Ya sha ji a wa'azi da zaure cewa mumini ba ya damuwa, duk wanda ya damu to ya yi sake da salla ne. Shi kuwa yana sallarsa a jam'i, yana azkar safe da yamma, abin bai tafi ba. Sai ya ƙara wa ciwon wani ciwon, wato zargin kansa.

Na huɗu kunya da dauriya, waɗanda mu muka koya masa, kuma halaye ne masu kyau a inda suka dace. Namiji ba ya kuka. Ba a kai sirrin gida waje. Yaro mai tarbiyya ba ya ɗora wa iyaye damuwa. To in ka kira shi ka ce, "Yaya karatu?" zai ce, "Lafiya lau, Baba, alhamdu lillahi." Ba ƙarya yake nufi ba. Tausayinka yake ji.

Na biyar rashin sani da rashin kuɗi. Bai san ofishin da zai shiga ba, bai san nawa za a ce ba, yana kuma tsoron kada maganar ta kai kunnen malaman sashensu ta shafi takardunsa.

Mu duba da kyau. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan daga gida suka taso. Ɗanmu bai saba yanke babban al'amari shi kaɗai ba. Da izininmu ya zaɓi abin da zai karanta, da izininmu yake tafiya, da izininmu zai yi aure. Don haka kafin ya taka ƙofar mai ba da shawara, a zuciyarsa mu yake tambaya: me Baba zai ce, me Inna za ta ji? Amsar kuwa ya riga ya ji ta, ranar da muka yi dariyar ɗan maƙwabci, ko ranar da muka ce wance shagwaɓa ce kawai ke damunta.

Me addini ya ce?

Baƙin ciki mai tsanani bai taɓa zama hujjar raunin imani ba. A Suratu Yusuf, aya ta 84, Allah ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. Annabi ne ɗan Annabi, Allah kuma bai zarge shi a kan haka ba. Shekara ta goma bayan aiko Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suka sa mata suna. Cikin addu'o'in da ya yawaita akwai neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Anas. Ba a neman tsari daga abin da ba ya samun mumini.

Neman magani kuwa umarni ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa mutanen ƙauye sun tambayi Manzon Allah ko su nemi magani, ya ce su nema, domin Allah bai sanya wata cuta ba sai da ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Bai ware cutar da ido ke gani daga wadda ba ya gani ba. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwon ƙirji, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙifa, don shi ya san aikin magani. Wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa, ga shi ya tura sahabinsa wurin mai sana'ar. Sannan a Bukhari Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Annabi yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Ka ga ke nan tun a gidan Annabi an san baƙin ciki yana da ƙofa ta jiki, ana kuma shiga masa ta nan.

Wasu za su ce, ai wannan zama a yi ta magana da likita al'adar Turawa ce. To ga wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan hijira, wato 934 miladiyya. Ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, rabinsa a kan lafiyar jiki, rabinsa a kan lafiyar rai. Ya yi babi a kan fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Baƙin ciki ya raba shi biyu. Akwai mai dalili sananne, kamar rasuwa ko asarar dukiya, maganinsa nasiha da gyaran tunani. Akwai wanda ke sauko wa mutum ba tare da ya san dalili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai. Wannan ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar maganin jiki tare da ɗebe kewa. Ya kuma lura cewa mutum ya fi karɓar shawara daga bakin wani a kan wadda yake ba kansa, musamman lokacin da zuciyarsa ta rikice. Abin da masu ilimin halayyar ɗan'adam ke yi a yau ke nan. Fiye da shekara dubu da rubuta wannan. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 da dukiyar waƙafi yana da sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Mu a nan ƙasar ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Abin namu ne, mu muka bar shi.

Malam da likita

Mun yi imani da aljanu, da sihiri, da kambun baka, kuma ruƙiyya ta shari'a da Alƙur'ani da addu'o'in Annabi gaskiya ce. Darasin nan bai ce a bar ko ɗaya ba. Wanda ya karye a kan babur, tofi ake yi masa, a kuma kai shi ɗori, ba wanda ya ce ɗorin ya ɓata tofin. Haka wannan. Inda ake samun matsala shi ne a ce duk wanda ya canza hali aljani ne, ba tare da wani ya auna shi ba. Zazzaɓin da ya hau kai yana sa sambatu. Farfaɗiya tana sa faɗuwa. Ciwon maƙoƙo yana sa bugun zuciya da rama da rashin barci. Ƙarancin jini yana sa kasala. Duk waɗannan ana gane su da gwaji. Malamin kirki, in ya yi nasa, shi da kansa zai ce a je asibiti a duba. Wanda ya ce kada a kuskura a je asibiti, ko a zubar da maganin likita, ko ya nemi keɓewa da yarinya, ko ya ce sai an yi duka, to a ɗauke yaro daga wurinsa.

Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka. Bayan makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, har suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Kunyar asibiti ce ta kai wasunsu can.

Haɗa gida da asibiti kuwa a ƙasar nan aka gwada shi duniya ta gani. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, ba nisa da inda muke zaune. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani suna komawa cikin jama'a. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin Aro shi ne mai irin wannan ciwo ya fi saurin samun sauƙi in danginsa na tare da shi. Dokar ƙasa ma ta canza: a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. Sabuwar ta ba mara lafiya haƙƙin a rufa masa asiri, a nemi yardarsa a magani, kada kuma a nuna masa bambanci saboda ciwonsa.

Me ake yi a ɗakin nan?

Abin da ba a sani ba shi ake tsoro, don haka bari mu buɗe ƙofar. Ma'aikatan iri uku ne. Akwai mai ba da shawara, irin wanda ake samu a jami'o'i ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai ko cibiyar ba da shawara. Shi ne na matsalar karatu, kuɗi, zama da mutane da damuwar da ba ta yi nisa ba. Akwai masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, wanda ke magani ta hanyar zama da tattaunawa. Sai likitan ƙwaƙwalwa, cikakken likita ne da ya ƙware a wannan fanni, shi ke rubuta magani.

Zaman farko tambayoyi ne: yaya barci, yaya cin abinci, tun yaushe, me ya faru, ana shan wani abu? Ba allura, ba ɗauri. Yawancin masu zuwa a ranar suke komawa ɗakinsu, gobe su shiga lakca. Zaman tattaunawa yakan ɗauki kamar awa ɗaya, sau ɗaya a mako, na wasu makonni. A ciki ake koya wa mutum ya kama tunanin da ke cin sa, misali "na faɗi kwas biyu, na kashe gidanmu", ya auna shi da gaskiya, ya tsara barcinsa da karatunsa. In an ba da maganin ciwon damuwa, ba ya aiki rana ɗaya. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji, ana ci gaba da shi watanni bayan an ji sauƙi, kuma ba a yanke shi kwatsam sai da sanin likita. Ba ya bugarwa irin na tiramol. In azumi ya zo, a tambayi likita yadda za a gyara lokacin sha. Abin da aka faɗa a ɗakin amana ce, ba a kai shi sashen karatu, sai fa in rai na cikin haɗari, a nan dole a nemi wanda zai taimaka.

Gaskiya ne ma'aikatan sun yi kaɗan. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Amma ƙofar farko tana kusa: asibitin makaranta. Wanda ke gida hutu ya fara da babban asibitin Gamawa ko asibitin tarayya na Azare, su za su duba, su tura gaba in da buƙata. Asibitin koyarwa na Bauchi da na Malam Aminu Kano suna da sashen wannan aiki. Akwai asibitocin tarayya na musamman a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Mu da ke nan ga Yaba, ga Aro.

Alamun da ake ji ta waya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu fuskar ta yi mana nisa, sai mu koyi sauraron murya. Yaron da ya saba kira duk Juma'a ya ɗauke ƙafa. Amsarsa ta koma kalma ɗaya. Ana ganinsa a WhatsApp ƙarfe uku na dare kullum. Ya ƙi zuwa hutu, ko ya zo ya kulle kansa a ɗaki. Yawan neman kuɗi ba bayani. Ciwon kai, zafin ƙirji, jin kamar abu na yawo a jiki, an yi gwajin maleriya da taifot an sha magani ba sauƙi. Mutanenmu da jiki suka fi bayyana damuwa. Likitoci sukan ce in ƙunci da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu kusan kullum, har sun taɓa karatu ko ibada, lokacin dubawa ya yi.

Akwai wanda ba a jira mako biyu. In ya fara cewa gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, ko yana neman yafiya ba dalili yana raba kayansa. In ya kwana uku ba barci yana ta surutu. In yana jin muryoyi ko yana cewa ana bin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara, kuma yana cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. Kashe kai haramun ne, babban zunubi, Suratun Nisa'i aya ta 29 ta hana. Amma wanda ya furta, lokacin ba na faɗa da tsawa ba ne. A tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take ba shi. A kira abokin ɗakinsa ko wani ɗan gari ya zauna da shi, a kawar da magunguna da duk abin cutarwa, a kai shi asibiti a ranar, wani daga gida ya kama hanya.

Abin da ya rage gare mu

Tunda izininmu yake jira, mu ba shi tun kafin ya buƙata. Ba sai mun ga alama ba. A wannan makon, bayan an gama maganar kuɗin makaranta, uba ya ce: "Ka ji, ɗana. Karatu na da wuya, na sani. In ka faɗi jarrabawa, ni za ka fara faɗa wa, ba zan tsine maka ba. In ka ji zuciyarka ta yi nauyi, barci ya ƙi, ka je ka ga likita ko mai ba da shawara na makarantarku. Na yarda, kuma ni zan biya. Kai ka fi min digirin." Wanda bakinsa ya yi nauyi, don mun san akwai kunyar ɗan fari, ya sa kawu ko gwaggo ko yayansa su isar, amma a ce daga Baba ne. A karanta wa iyaye mata wannan takarda, na nan da na gida, domin 'ya mace uwarta za ta fara faɗa wa.

Mu gyara tambayarmu. "Yaya karatu?" amsarta a shirye take. Gwada "Ƙarfe nawa ka kwanta jiya?" ko "Me ka ci yau?" ko "Wane kwas ne ya fi ba ka wuya?" Sannan a yi shiru a saurara. Kowannenmu ya riƙe lambar abokin ɗansa guda ɗaya a makaranta.

Mu kama bakinmu. Wanda ya ji ɗan wani ya ga likitan ƙwaƙwalwa ya kai maganar majalisa, ya ci naman ɗan'uwansa, ya kuma rufe wa yara goma ƙofa. In maganar aure ta taso, a faɗi gaskiya ga wanda ya dace, a kuma auna ta da adalci: wadda ta yi ciwon damuwa ta sha magani ta warke ba ta bambanta da wadda ta yi taifot ta warke ba, mai shan magani kullum kuma kamar mai hawan jini ne.

Yadda muke haɗa kuɗi in ɗan'uwa ya yi haɗari ko za a kai gawa gida, haka ya kamata mu riƙa haɗawa in ɗan wani yana buƙatar kuɗin mota zuwa Azare ko Kano da kuɗin magani, ba tare da an ambaci suna a lasifika ba. A sanar da liman a keɓe, ya isa.

Ku kuma ɗalibai da wannan takarda za ta iso gare ku ta waya: ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku riƙe salla da azkar, ku kuma taka zuwa asibitin makaranta ku faɗi abin da ke damun ku yadda yake. In abokinka ne, kada ka tsaya a "ka yi haƙuri", ka ce, "Tashi in raka ka." Ku da ke karatun lafiya a Azare, muna fata a samu a cikinku waɗanda za su ƙware a wannan fanni, su dawo su saurari mutanenmu da harshen da suke kuka da shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, wanda ciwonsa ya bayyana da wanda ya ɓoye. Allah ya yaye wa 'ya'yanmu damuwa da baƙin ciki, ya ba su ilimi mai amfani, ya mayar mana da su gida lafiya. Allah ya yi wa nemanmu albarka, ya jiƙan iyayenmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.